Firizar da muke cewa tana cizo

A gidanmu da ke Jekadafari, cikin garin Gombe, akwai maganar da ta zauna a bakin kowa: "Sa takalmi, firizar nan tana cizo." Ni na fara faɗinta, yara suka ɗauka, har 'yan aiken maƙwabta masu zuwa sayen ƙanƙara sun san ta. In ka taɓa murfin da busasshen hannu ba ka jin komai. In kuwa hannunka da danshi, ko ka tsaya a siminti ba takalmi, sai ka ji wani tsam ya bi yatsunka har gwiwar hannu. Sai mutum ya yarfe hannu ya ci gaba da abin da yake yi. Mun fi wata takwas a haka, kuma ban taɓa rasa barci saboda abin ba ko na dare ɗaya.

Maigidana malamin firamare ne, albashinsa ba ya kai mu ƙarshen wata. Da na ɗauki adashi sai na haɗa da kuɗin tunkiyar da na sayar, na sayi firiza ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai ana ce musu Beljiyam. Fara ce doguwa, mai murfi a sama. Duk wanda ya san zafin Gombe daga Maris zuwa Mayu ya san darajar ruwan sanyi a garin nan. Ina ƙulla ruwa a leda, ina yin zoɓo da kunun aya, kuma da cinikin nan na sayi littattafan yara da kayan sallarsu. Firizar nan rufin asirina ce. Ina faɗin haka ne don a gane dalilin da ya sa kunnena bai son jin wani aibu a kanta.

Ranar da aka kawo ta, kan wayarta ya ƙi shiga soket ɗinmu. Mai ƙafa biyu ne zagayayyu, soket kuwa mai ido uku. Yaron da ya kawo ta ya tura makullin babur ɗinsa a idon sama, idanun ƙasa suka buɗe, ya danna kan wayar ciki. Firiza ta yi gurnani ta tashi, muka yi masa godiya. Na lura da wasu 'yan ƙarafa biyu sirara a gefen kan wayar, ɗaya sama ɗaya ƙasa, na ɗauka na riƙewa ne. Daga baya, da muka matsar da ita rumfar tsakar gida, sai muka ƙara mata doguwar waya mai sauƙin kuɗi don ta kai.

Kafin wannan, wuta ta taɓa tsorata mu sau ɗaya. Wata Juma'a da safe ƙanin maigidana yana guga. Wayar dutsen gugar ta daɗe tana murɗewa a daidai inda ta shiga jikin dutsen, har an naɗe wurin da salatif. Sai muka ji fau! Tartsatsi ya tashi, wari ya cika ɗaki, wayar ta kama hayaƙi tun daga dutsen har bango, ledar ɗaki ta narke a inda take kwance. Maigida ya ruga ya zare katawut. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Da aka buɗe kan wayar sai aka ga babu fiyus a ciki, wani ne ya taɓa naɗa zaren waya a gurbinsa lokacin da na asalin ya ƙone. Muka yar da dutsen, muka sayi sabo. Tun daga ranar na sa a raina cewa haɗarin lantarki yana zuwa ne da ƙara da wari da hayaƙi. Abin da ba ya ƙara, ba ya wari, sai ɗan tsam a yatsa, ban lissafa shi cikin haɗari ba.

Azumin 2022 ya faɗo a watan Afrilu, tsakiyar zafi. A irin wannan lokaci daga la'asar zuwa magariba ƙofar gidanmu ba ta rufuwa. Rannan an ɗauke wuta tun hantsi, ƙanƙara ta fara saki, ina ta fito da ledoji suna ɗiga, ruwa ya kwanta a simintin rumfa. Wajen ƙarfe biyar aka dawo da wuta, na ji yaran unguwa suna ihun murna. Ina bakin murhu ina suyar ƙosai sai yaron maƙwabta ya shigo da kuɗi. Na ce wa 'yata ta biyu, tana da shekara tara a lokacin, ta ɗauko masa guda biyu. Ta fito daga wanke kwanuka ke nan, hannu jiƙe, ƙafa ba takalmi. Ban tuna mata takalmin ba. Hannun murfin na roba ya daɗe da karyewa, wani mai walda ya sa mana na ƙarfe.

Ban ji kukanta ba, domin ba ta yi kuka ba. Muryar yaron na ji yana cewa, "Goggo, ta ƙi saki." Na waiga na gan ta tsaye, hannunta damƙe da ƙarfen, jikinta na kaɗawa, bakinta a buɗe ba sauti. Na yar da matsami na zabura zan rungumo ta. Surukata, wadda muke kira Dada, tana zaune kusa tana jan carbi. Ita ta cafke zanina ta baya da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ce, "Kar ki taɓa ta!" Ta ɗauki taɓarya da ke jingine da turmi ta make doguwar wayar daga jikin bango. Kan wayar ya faɗo, yarinya ta zube.

Da Dada ba ta riƙe ni ba, da mu biyu za a samu a wurin, domin ni ma ƙafata a cikin ruwan take. Taɓaryar busasshiya ce, busasshen itace kuwa ba ya ba wuta hanya. Tsohuwar nan ba ta yi boko ba, amma a ƙauyensu ta taɓa ganin mutum ya je ceton wani wuta ta haɗa da shi.

Yarinya tana numfashi, idonta biyu, amma ba ta magana. Mata suka cika gida. Wata ta ce a ba ta madara, wata ta ce manja, wata ta ce a bar ta ta huta tunda ta farfaɗo. Maigida ya dawo daga wajen tafsiri, bai saurari kowa ba, ya tari Keke Napep muka tafi asibiti. A hanya aka kira magariba, da ruwan leda muka sha ruwa. Likita ya sa aka yi mata gwajin bugun zuciya, ya ce za ta kwana. Ya yi mana bayani cewa wutar lantarki tana iya rikita bugun zuciya ko da ƙunar da ake gani a waje 'yar kaɗan ce, kuma madara ko manja ba su da abin da za su yi wa wannan. Ya buɗe tafin hannunta ya nuna mini farin tabo, ya ɗaga ƙafarta ta hagu ya nuna wani a tafin ƙafa. Ya ce nan ta shiga, nan ta fita. Na tsaya ina kallon tazarar da ke tsakanin tabon biyu, na ga abin da ke kan hanyar. A nan ne kukan ya zo mini.

Masu zuwa dubiya kowa na cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, kuma na gode wa Allah da ya bar mini ita. Amma a zuciyata na san wata takwas firizar nan tana gaya mana, mu kuma muka sa wa gargaɗin suna muka zauna da shi.

Maigida ya so a kira 'yan gwangwan su ɗauke ta a ranar. Wani abokin aikinsa ya ce a dakata, ya kawo mana wani dattijo mai wayarin, wanda ya fara sana'ar tun zamanin NEPA, kafin ta koma PHCN a 2005, kafin rabon wutar jihohin Gombe da Bauchi da Filato da Binuwai ya koma hannun kamfanin Jos a 2013. Baba muke ce masa. Ya zo da 'yar jakarsa da yaronsa ɗaya. Na gaishe shi zan koma ɗaki, sai ya ce, "A'a, 'yata, tsaya. Ke ce mai ita, ke ce ke wuni da ita. Malam yana makaranta lokacin da abu zai faru."

Ya sa aka share ruwan, ya kori yara, ya juya firizar. A ƙasa ta baya, kusa da kwamfireso, wato injin da ke sanyaya ta, ɓera ya yi sheƙa don ɗumin wurin. Ya haska da tocila ya nuna mini wata waya ruwan ƙasa, an gaigaye robarta, jan ƙarfen a fili yana jingine da jikin firizar. Duk lokacin da injin ya tashi yana girgiza, wayar na gogar ƙarfe. Da farko ta cikin ƙura da danshi wutar ke ɗan tsiyaya zuwa jikin, shi ne cizon da muke ji. A ranar nan ta manne gaba ɗaya.

Sai ya yanko guntun waya daga jakarsa ya fere, ya nuna mini 'ya'ya uku a ciki. Ruwan ƙasa ita ce mai ɗauke da wuta, a tsohon tsari ja ce. Shuɗiya ita ce hanyar komawa, a tsohon tsari baƙa ce. Ta uku mai ratsin kore da rawaya ita ce wayar ƙasa, wadda su masu sana'a ke kira atin. Ya ce wuta ba ta tafiya sai ta san ta inda za ta koma. Tana fitowa ta waya ta farko, ta shiga inji ta yi aiki, ta koma ta ta biyu. Ta ukun kuwa ba ta ɗaukar komai muddin lafiya ake. A jikin ƙarfen na'ura aka ɗaure ta, tana jiran ranar da abu zai ɓaci.

Na ba shi labarin dutsen guga, na tambaye shi me ya sa wancan ya yi ƙara wannan bai yi ba. Ya gyara zama, ya ce ciwo biyu ne daban. A dutsen guga, mai wuta da ta komawa ne suka haɗe kai tsaye, ba su bi ta cikin dutsen ba. Dutsen guga mai wat 1,200 a kan bolt 230 da muke samu a ƙasar nan yana jan amfiya biyar da 'yan kai (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bin waya), domin abin da ke zafi a cikinsa yana tare wutar, yana ƙayyade mata yawan da za ta wuce. In wayoyin biyu suka haɗe babu mai tarewa, sai amfiya ɗaruruwa su kwararo a lokaci guda. Shi ne ƙarar da tartsatsin. Don wannan aka yi fiyus: siririn ƙarfe ne da aka auna, ya narke ya yanke hanya kafin wayar gida ta yi zafi. Na cikin kan waya mai ƙafa uku yawanci amfiya 13 ne, akwai na 5 da na 3 don ƙananan kaya. Wanda ya cire shi ya naɗa zaren waya, ya mayar da wayar ɗakin gaba ɗaya ita ce za ta ƙone a madadinsa. Ya ce haka ma waɗanda ke cusa waya mai kauri a katawut don kada ya riƙa yankewa.

Ya ƙara da wani abu kusa da wannan. Soket ɗaya mai amfiya 13 abin da zai ɗauka bai wuce wat 3,000 ba. In aka jera hita da dutsen guga da abin dafa abinci a kan doguwar waya ɗaya, ba a haɗe komai ba, amma an ɗora wa waya kayan da suka fi ƙarfinta. Sai ta yi ta ɗumi, roba ta yi laushi, wata rana 'ya'yan cikin su taɓa juna cikin dare kowa na barci.

"Na firizarki kuwa," in ji shi, "yoyo ne." Mai wuta ta taɓa jikin ƙarfe, jikin ya cika da wuta, amma ba ta da hanyar komawa. Don haka ba ƙara, ba wari, inji na aikinsa, ƙanƙara na ƙanƙara. Wutar na nan zaune a jikin ƙarfen tana jiran abin da zai haɗa ta da ƙasa. Mutumin da ke tsaye a jiƙaƙƙen siminti shi ne wannan abin.

Na ce to me ya hana bireka, mai yanke wuta in ta yi yawa, ta faɗi, ga mutum wuta na bi ta jikinsa? Amsar da ya ba ni ita ce abin da ya fi tsaya mini a rai cikin duk maganarsa. Ya ce in aka raba amfiya ɗaya gida dubu, kowane gida sunansa miliamfiya. Wajen miliamfiya ɗaya mutum ke fara jin tsam. In ta kai wajen 10, tsokar hannu na iya ƙanƙamewa, kuma da yake tsokar da ke dunƙule yatsu ta fi mai buɗe su ƙarfi, sai hannu ya damƙe abin da ke kashe shi. Shi ya sa yarinyar ta kasa saki, kuma yara da mata suna kaiwa wannan matakin da wutar da ba ta kai ta babban namiji ba. In ta haura 30 ta ɗan daɗe tana ratsa ƙirji, numfashi da zuciya na cikin haɗari. Jiƙaƙƙen jiki a kan bolt 230 yana iya ɗaukar miliamfiya 200 ko fiye. Fiyus mai amfiya 13 kuwa miliamfiya 13,000 ke nan. Abin da zai kashe mutum, fiyus da bireka ba su ma san ya wuce ba. Waya aka yi su su tsare daga gobara. Ni kuwa duk tsawon shekarun nan ina kallon akwatin birekar da ke bangon zaure a matsayin mai gadin rayukanmu.

Daga nan ya ɗauki kan wayar firizar ya nuna 'yan ƙarafan nan biyu na gefe. Su ne atin. A ƙasar da aka ƙera ta, soket ɗinsu rami ne mai ƙarafa a gefe da ke kama waɗannan. A namu mai ido uku, atin yana idon sama ne, wanda yaron nan ya tura wa makulli. Tun ranar farko firizar ba ta taɓa haɗuwa da ƙasa ba. Doguwar wayar da muka ƙara kuma ya yanka ta a gabana: 'ya'ya biyu ne kawai a ciki, duk da cewa idanunta uku. Ya kankare jan ƙarfenta da wuƙa, sai ga fari a ƙasa, an shafa mata launi ne kawai. Araha ba ta ado, na sha jin wannan, amma ban taɓa tunanin har cikin waya ba.

Bai tsaya nan ba. Ya kwance soket ɗin bango, akwai koriyar waya a ciki. Ya bi ta har bayan gida inda ya kamata a ce ta ɗaure da ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Suka tona, suka sami ƙarfen ya ci tsatsa, wayar ta rabu da shi tuntuni. Gidan haya ne, wanda ya yi wayarin ba mu san shi ba. Ya ce ko da mun sa kan waya mai ƙafa uku daidai, da a banza ne, tunda hanyar ta yanke a bayan gida.

Ya kafa sabon ƙarfe mai rufin tagulla a gefen da ruwan wanke-wanke ke bi, inda ƙasa ba ta bushewa. Amma ya gaya wa maigida gaskiya, ya ce kada ya dogara da ƙarfen nan shi kaɗai. Ƙasa tana tare wuta ita ma, balle ƙasar rani da ta bushe ƙayau. In turjiyar ƙarfen, wato yadda yake tare wuta, ta kai om 50 a ma'auni, wutar da za ta bi ta nan ba ta kai amfiya biyar ba, bireka mai amfiya 20 kuwa ba za ta motsa ba. Abin da ake buƙata wata na'ura ce da ake sawa a akwatin wuta, sunanta RCD, a kasuwa wasu na ce mata ELCB. Aikinta ƙidaya: tana auna wutar da ta fita ta waya ta farko da wadda ta dawo ta ta biyu. In sun yi daidai, shiru. In wadda ta dawo ta gaza, to wani ɓangare ya bi wata hanya, ko ta atin, ko ta ruwa, ko ta jikin mutum. Mai lamba 30 a jikinta, da zarar giɓin ya kai miliamfiya 30, sai ta yanke wutar kafin ƙiftawar ido. Ya ce a duba lambar da kyau, domin akwai masu 100 da 300, waɗannan don gobara ne, ba su isa tsare rai ba. Ya kuma ce ba ta hana mutum jin jan farko, kuma in mutum ya kama mai wuta da ta komawa a lokaci guda ba tare da wuta ta bi ƙasa ba, ba za ta gane ba. Iyakarta ke nan, amma a irin abin da ya sami 'yata, da tana nan da ta yanke tun kafin yaron ya buɗe baki.

Kuɗin aikin ya cinye ribar azumin nan duka, har na sayar da 'yan kunnena. Mai gidan haya ya ce shi bai ga abin da ya lalace ba tunda fitilu na kamawa. Ba mu ja da shi ba, muka yi da kuɗinmu. Baba ya canza wayar da ɓera ya ci, ya yanke kan wayar Turai ya sa mai ƙafa uku da fiyus, ya ja wa firizar soket nata na kanta da waya mai kauri wadda suke kira 2.5, ya ɗora ta a kan katako, ya toshe ramin ɓeran da siminti. Kafin ya kunna ya gwada ta da wani abin awo da suke kira mega, wanda ke tura bolt 500 tsakanin waya da jikin na'ura don a ga ko akwai sauran yoyo. Hannun ƙarfen ma ya sa aka cire.

Sati bai cika ba na'urar RCD da Baba ya sa mana ta fara faɗuwa. Da asuba sai gida ya yi duhu. Maigida ya tayar, gobe ta sake. Ransa ya ɓaci, ya ce an sayar mana da jabu, wani ya ba shi shawara a tsallake ta a haɗa kai tsaye. A zaman aurenmu ban cika ɗaga masa murya ba, amma rannan na ce, "Malam, in aka cire ta, ni da yara gidanmu za mu kwana." Ya yi shiru, ya kira Baba. Baba ya sa aka cire komai daga soket, aka riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya. Fanka lafiya, talabijin lafiya, firiza lafiya. Ana tsoma hita a bokiti aka kunna, sai ƙas, ta faɗi.

Hitar nan da ita nake ɗuma wa Dada ruwan wanka kullum, rani da hunturu, saboda ciwon ƙafarta. Bututunta ya tsage a inda ido ba ya gani, wuta na fita cikin ruwan. Sau nawa na tsoma yatsa a bokitin nan don in ji ko ya yi zafi, hita na ciki a kunne? Ba zan iya ƙirgawa ba. Bokitin roba ne, ni kuma galibi da silifas a ƙafata, ƙila shi ya sa ban taɓa jin fiye da ɗan tsam ba. Na san mata da yawa a unguwarmu suna yin haka, musamman da sanyin Disamba da Janairu lokacin da ake gaggawar shirya yara makaranta. Wasu ma bokitin ƙarfe suke sawa. Ina roƙon duk wadda ta karanta wannan, ki zare ta daga bango kafin hannunki ya kusanci ruwan. Kashe makunni kaɗai bai isa ba. A banɗakinmu Baba ya tarar an ɗaura makunnin fitila a kan wayar komawa maimakon mai wuta, ka kashe fitila ta mutu, amma wuta na nan zaune a mazaunin ƙwan tana jiran mai canza shi.

Maigida bai sake maganar tsallakewa ba. Shi da kansa ya je ya tambayo, ya dawo yana gaya mini akwai hukumar gwamnatin tarayya mai suna NEMSA, da aka yi dokarta a 2015, wadda ke duba ingancin haɗin wuta tana kuma ba masu wayarin takardar shaida. Yanzu in zai kira mai gyara sai ya tambaye shi inda ya koya. Ni tambayata ɗaya ce: in na ga mutum ya zo da testa kaɗai, ya ce a sa takalmi ba komai, ba ya sake shigo mini gida.

Yarinyar ta warke. Tabon hannun ya kusa ɓacewa, na ƙafar yana nan. Ta yi kusan shekara ba ta bi ta rumfar nan, sai ta zagaya ta bayan turmi. Ban matsa mata ba. Akwai ɗan maɓalli a jikin na'urar mai harafin T, Baba ya ce a riƙa danna shi lokaci-lokaci, in ta faɗi tana da rai, in ba ta faɗi ba a kira shi a ranar. Wata rana ina shirin dannawa ta ce, "Umma, bari in yi." Na ɗora ta a kujera ta danna, gida ya yi tsit, ta mayar. Tun daga nan aikinta ne duk farkon wata. Har yanzu ba ta buɗe firizar, ƙaninta ke ɗauko wa masu saye.

Dada ta rasu bara, Allah ya jiƙanta da rahama. Taɓaryar tana nan inda take jingine.

Shekaranjiya wata maƙwabciyata, ita ma mai ƙanƙara ce, ta shigo aron sikari. Muna hira ta ce ai tata ma tana ɗan ja in an taɓa ta da safe, amma ba sosai ba, ta hana yara zuwa wurin ba takalmi. Na kira 'yata na ce ta ɗaga ƙafarta ta nuna mata. Sannan na bi ta gida, na tsaya sai da ta zare wayar daga bango. Ta ce to kayan da ke ciki fa, za su narke, jarinta ke nan. Muka kwaso su a baho biyu muka zuba a tawa. Suna ciki yanzu, nata na ɗaure da jan zare don kada su cakuɗe da nawa. Yaron Baba ya ce zai zo ranar Asabar bayan azahar.